Koyon zama shiru: minti biyar bayan sallar Asuba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.



Da masu shirya wannan biki na tunawa da kafuwar ƙungiyarmu suka ce mani in yi magana, na ce masu zan yi ta a kan zama shiru. Wani daga cikinsu ya yi dariya, ya ce wai yau za a ba ni lasifika in koya ma jama'a yin shiru. To haka ne, kuma ku yi mani haƙuri, sai na yi surutu kafin mu kai ga shirun.

Zan fara da tambaya. Kada kowa ya ɗaga hannu, kowa ya amsa a ransa. Sallar Asuba ta yau, wace sura liman ya karanta a raka'a ta biyu? Ke da kika yi taki a ɗaki, me kika karanta bayan Fatiha? Na san akwai masu tunawa, Allah ya ƙara maku. Amma da yawanmu mun tsaya, mun yi ruku'u, mun yi sujada, mun sallame, alhali hankalinmu yana can wajen saƙon da ba a amsa mana ba, ko jarrabawar mako mai zuwa, ko wata baƙar magana da aka yaɓa mana a fada tun shekaranjiya. Jiki a masallaci, zuciya a kasuwa.

Ni na san wannan hali ciki da bai, don ya taɓa kayar da ni. Shekarata ta farko a jami'a, mu shida ne a ɗaki ɗaya. Watan Afrilu, kun san zafinsa, ga wuta ana ɗaukewa. Da na kwanta sai kaina ya fara lissafi: baba ya saida hatsi da rago ya turo ni nan, ƙannena duk ni suke kallo, in na faɗi da wane ido zan dubi mutanen gida? Don in kori tunanin sai in jawo salula. Ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu, ƙarfe uku, ina ta murza ta daga wannan bidiyo zuwa wancan. Da safe in tafi aji kai yana sara, malami yana magana ina rubutu, amma in ka tambaye ni me na rubuta ban sani ba. Ranar jarrabawa aka miƙo mani takarda. Wallahi na karanta darasin nan, na san shi. Amma gabana yana dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe, na karanta tambayar farko sau huɗu ban gane me ake nema ba. Na faɗi wannan darasi, sai a zama na biyu na samu na tsallake da ƙyar. A cikin waɗannan kwanaki wani abokina, da kyakkyawar niyya a ganinsa, ya miƙo mani ƙwaya, ya ce in na sha zan ji kaina ya yi sanyi. Ban karɓa ba, amma ba zan yi maku ƙarya ba, na daɗe ina kallon hannunsa. Da yawanku kun san wani da tramol ya fara shiga rayuwarsa ta irin wannan ƙofa.

Da hutu na koma gida. Kakata ta wajen uwa ita ce ta fara ganewa. Ta dube ni ta ce: "Maigidan nawa, jikinka ya iso, amma hankalinka har yanzu yana tasha." Tsohuwar nan tun da na buɗe ido na san ta da abu ɗaya: in ta gama sallar Asuba ba ta tashi daga kan tabarmarta sai rana ta ɓullo. Ba ta magana, ba ta gaggawa, leɓenta kawai ke motsi. Da ina ɗauka tsufa ne. Ran nan na zauna kusa da ita, na ce mata ni in na zauna haka tunani ke rufe ni. Sai ta nuna mani randa, ta ce ruwan gulbi in an ɗebo shi da damina jajir yake zuwa, kuma ba wanda ke sa muciya ya tuƙa shi don ya yi fari, ajiye shi ake yi, laka ta kwanta da kanta. Iyakar abin da ta ce ke nan, ta ci gaba da zikirinta.

Da na koma makaranta na shiga bincike. Da yake Allah ya sa na yi karatu da Faransanci da Larabci, na leƙa ɓangarorin biyu. Abin da na samo shi na kawo maku.

A Faransanci abin ana ce mashi meditasiyo, kuma duk wanda ya rubuta kalmar a YouTube zai ga mutane a zaune sun naɗe ƙafa, ido a rufe, ana kiɗa mai sanyi. Gara mu faɗi gaskiyar asalinsa. Yawancin abin da ake koyarwa a wannan suna ya fito daga ƙasar Indiya, daga addinin Hindu da na Buda, kuma a can ibada ce mai aƙidarta da kalmominta. Likitocin Amurka ne suka ɗauko wani sashe nasa suka kai asibiti. Wani likitan zuciya na jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya auna masu irin wannan zama, ya ga numfashinsu da bugun zuciyarsu suna sauka, ya fitar da littafi a kan haka a 1975. A 1979 kuma Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin jami'ar Massachusetts don masu fama da ciwo mai daɗewa da damuwa, kuma shi kansa wajen malaman Buda ya koyo. Abin da ya ja hankalina ga aikin Benson shi ne, da ya tace abin, sai ya ga ginshiƙansa biyu ne kawai: mutum ya tsayar da hankalinsa a kan abu ɗaya da yake maimaituwa, kamar numfashi ko wata kalma ko addu'a, sannan duk lokacin da tunani ya ja shi, ya dawo ba tare da faɗa da kansa ba. Har yana ba marasa lafiya shawara kowa ya zaɓi kalma daga addininsa.

Da na karanta haka sai na tuna tabarmar kakata.

A nan bari in tsaya in faɗi matsayina, don na ga wasu sun fara gyara zama. Ni ɗalibi ne, ba mai fatawa ba, ga malamanmu nan a zaune, su ke da wannan. Ban zo in ba kowa wuridi ba, ban kuma zo in ce kowa ya bar nasa ba. A cikinmu akwai ƴan ɗariƙa, akwai waɗanda ba su yi, kuma ƙungiyarmu ta daɗe da koyon zama da wannan. Abin da na tabbata kawai: maimaita kalmomin bautar wani addini, ko zama gaban gunki, ko neman wani ƙarfi daga wanin Allah, wannan ba namu ba ne, kuma ba mu da bukatarsa. Amma numfashi ba na Indiya ba ne. Huhun da Allah ya ba su shi ya ba mu. Ja da sakin numfashi a hankali aikin jiki ne kamar miƙa da motsa jini, kuma a haka nake so ku ɗauke shi.

Ta ɓangarenmu kuwa, abin ya fi yadda nake zato yawa. Kafin wahayi Annabi (SAW) yana keɓewa a kogon Hira kwana da kwanaki. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa in ya yi sallar Asuba yakan zauna a wurin sallarsa har rana ta fito, ashe can kakata ta samo. Aya ta 28 a suratur Ra'adi ta danganta natsuwar zukata da ambaton Allah, ƙarshen suratu Ali Imrana kuma ya yabi masu ambatonsa a tsaye da zaune da kwance, masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Ku tuna kuma da mutumin nan da ya shigo masallaci ya yi salla da gaggawa, Annabi (SAW) ya mai da shi har sau uku, sannan ya koya mashi ya riƙa natsuwa a ruku'u da sujada da zama. Mu da muka karanta Ahalari a zaure mun haddace cewa natsuwa tana cikin farillan salla, wato gaɓoɓi su tsaya cak na ɗan lokaci. Mun haddace ta, mun ci jarrabawa da ita. Amma yadda ake koyon ta, da wuya ka ji an zaunar da yaro an nuna mashi.

To ga babban abin da nake so ku tafi da shi, don nan ne kusan kowa ke faɗuwa tun ranar farko. Mutum ya zauna, ya rufe ido, ya ce yau zan share kaina tas, ba tunanin komai. Daƙiƙa goma ba ta cika ba ya tuna bashin mai shago. Ya yi tsaki, ya sake. Sai ga fuskar wata, ko ƙwallon jiya. Sai ya tashi ya ce ni ba zan iya ba, kaina ya yi yawa. Ɗan uwa, ba kanka ne ya lalace ba, abin da ka sa a gaba ne ba ya yiwuwa. Bari mu gwada: daga yanzu zuwa minti ɗaya kada wanda ya tuna farin raƙumi. Kun gan shi ko? Har da tozonsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Daniel Wegner, ya yi irin wannan gwaji a 1987 da wata farar dabba ta ƙasashen ƙanƙara, ya nuna cewa tunanin da ka danne da ƙarfi ya fi dawowa. Wannan ita ce muciyar da kakata ta ce ba a sa wa a randa. A 2010 kuma wasu masu bincike biyu na Harvard suka bi mutum 2250 ta hanyar salularsu, suna tambayarsu lokaci-lokaci me suke yi, me kuma suke tunani. Suka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, hankalin mutane ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin wannan lokaci sun fi rashin jin daɗi. Kusan rabin rayuwar farke ke nan.

Addininmu bai taɓa ɗaukar ɗan Adam a matsayin wanda ba ya shagala ba. Me ya sa Ahalari ya cika shafuka da ƙabli da ba'adi? Don an san za a manta. Annabi (SAW) da kansa ya taɓa sallamewa a raka'a biyu cikin salla mai huɗu, sai da sahabin nan Zul Yadaini ya tuna mashi, ya tashi ya cika, ya yi sujada. Ba a ce wanda ya manta ya bar salla ba, hanyar dawowa aka koya mashi. Zaman shiru ma haka yake. Ku ɗauki hankali kamar ɗan akuya da aka ɗaure a turke. Zai ja, zai zagaya, zai yi kuka. Aikinka ba yanka shi ba ne, ba kuma dukansa ba. Duk lokacin da ka lura ya yi nisa, ka jawo igiya a hankali. In a minti biyar ya tafi sau talatin ka dawo da shi sau talatin, ba ka faɗi ba, ka yi atisaye sau talatin. Lokacin nan da ka farga ka ce "af, na tafi", shi ne abin da ake nema. Wanda ya saba da shi a tabarma zai same shi a sahu, zai same shi a ɗakin jarrabawa, zai same shi lokacin da baƙar magana ta zo bakinsa kafin ta fita.

Me ya sa ake farawa da numfashi? Jikinmu yana da tsari biyu da ke aiki ba da izininmu ba. Ɗaya na tashin hankali ne: in kare ya biyo ka, shi ke zuba adirenalin a jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tafin hannu ya jiƙe. Rahama ce, don da shi ake tsira. Matsalar ita ce bai san bambancin kare da takardar jarrabawa ba, kuma tunani kaɗai ya isa ya tashe shi da ƙarfe biyun dare. Ɗayan kuma na hutu ne, babbar hanyarsa wata doguwar jijiya ce da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka ga zuciya da huhu da ciki, ita ke taka wa zuciya birki. Ba ka iya ce ma zuciyarka ta rage gudu, ba ka iya ce ma gumi ya tsaya. Amma numfashi yana tafiya da kansa, kuma kana iya riƙe linzaminsa. Ku sa yatsu biyu a wuyan hannu ku ji: in kun ja numfashi bugun yana ɗan ƙaruwa, in kun sake shi a hankali yana ɗan raguwa, kuma ga matasa abin ya fi fitowa. Shi ya sa ake tsawaita fitarwa fiye da ja. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Mu za mu sauko da shi wajen shida.

Ga yadda ni nake yi. In an sallame Asuba, na gama azkar ɗin bayan salla, ba na tashi. Ga alwala, ga sanyin safiya, gari bai tashi ba, ba lokacin da ya kai wannan araha. Ina zama yadda ya sauwaƙa, naɗe ƙafa ko zaman tahiya ko jingina da bango, baya a miƙe ba a sandare ba, hannu a cinya. Ido in an rufe barci na zuwa, to a bar shi a buɗe kaɗan yana kallon wurin sujada. Sai in ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu a raina, in bar ciki ya kumbura, ba kafaɗu su ɗaga ba, sannan in sake shi a hankali ina ƙirga shida. Numfashi ɗaya daƙiƙa goma ke nan. In lanƙwasa yatsa ɗaya. Yatsu goma sau uku, numfashi 30, minti biyar sun cika ba tare da na duba agogo ba. Hankalina yana kan iskar da ke shiga da fita a bakin hanci. Ya tafi, in dawo da shi. Na ɓata lissafi, in ci gaba daga inda nake zato, ba wanda zai ba ni maki. In ka ji jiri, ka matsa wa kanka ne, koma numfashinka na kullum. Kuma ku lura, huɗu da shida da talatin ɗin nan ba su zo a hadisi ba, kada wani ya mai da su sunna. Awo ne kawai irin na likita.

Abin da ke biyo baya shi ne mai daɗin. In jiki ya kwanta, sai ka ɗauki zikirin da ka saba, wanda ya tabbata, ka yi shi a hankali yadda kunnenka zai ji abin da bakinka ke faɗi. Da yawanmu tasbihi 33 muna gama shi kafin mai kabu-kabu ya tada babur. Gwada faɗin Subhanallahi sau ɗaya kana sane da ma'anarsa, za ka ji bambanci. Wata rana kuma, maimakon haka, ɗauki abu ɗaya ka yi tafakkuri a kansa. Ƙwayar gero guda da aka jefa a rairayi, ta fito ta zama zangarniya. Ko numfashin nan da kansa: in kana yin 15 a minti, a yini da kwana ka yi 21,600, kuma ba ko ɗaya da ka biya kuɗinsa ko ka tuna ka yi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u a kan tafakkuri kawai. A zamaninmu ma Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan da ya rasu a 2021, ya rubuta littafi a kai, masu Larabci ku neme shi.

Ƴan uwa mata, na san abin da wasunku ke cewa a ransu, don ƙanwata ta riga ta faɗa mani: wane zama bayan Asuba, ga shara, ga wuta, ga ruwa, ga ƙanne za su lakwal? Gaskiyarku, kuma mu maza da ke komawa barci ya kamata mu ji kunya mu kama wani aikin. Amma in safiya ta ƙi, dare yana nan. Nana Faɗima ɗiyar Annabi (SAW) ta koka da yadda dutsen niƙa ya ci hannunta, ta nemi mai taya ta aiki. Sai ya zo ya same su ita da Sayyidina Ali sun kwanta, ya koya masu tasbihi 33 da tahmidi 33 da kabbara 34 lokacin kwanciya. Mace mai gajiya aka fara ba wannan. Kuma kwanakin da ba ku salla ba su hana zikiri ba, ba su hana zama shiru ba.

Abu biyu ke rushe wannan aiki a wajenmu. Na farko salula. An taɓa ba Annabi (SAW) wani mayafi mai zane, ya yi salla da shi, zanen ya ɗauki idonsa, da ya sallame ya ce a kai ma Abu Jahmi a karɓo mashi maras ado. Zanen tufa ke nan, wanda ba ya motsi, ba ya ƙara, ba ya aiko saƙo. Mu kuma muna sujada da WhatsApp a aljihu yana girgiza. Ni yanzu ba ta kwana kusa da kaina, kuma ba na taɓa ta sai na gama zamana, don in ka fara buɗe ta ka riga ka tuƙa randar. Na biyu shayin fada. Ba na zagin fada, can muka girma, can ake jin labarin aiki da na aure. Amma sinadarin da ke cikin shayi mai hana barci, bayan awa biyar wajen rabinsa yana nan a jini. Wanda ya sha na farko mai ɗaci da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kada ya zo ya ce mani numfashi bai yi mashi aiki ba.

Kada kuma in yi maku tallan magani irin na cikin mota. A 2014 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins suka tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi a kan irin wannan zama. Suka ga yana rage fargaba da baƙin ciki da jin ciwo, amma daidai gwargwado, kuma ba su ga ya fi motsa jiki ko magani ba. Ni ma mako biyun farko ban ga komai ba sai ciwon gwiwa. Daga baya ne na lura barci ya fara zuwa da wuri, kuma a jarrabawa ta gaba da gabana ya faɗi, na ajiye biro, na yi numfashi biyar, na sake karanta tambayar, na gane ta. Tsoron bai tafi ba, amma bai ƙwace mani takardar ba.

Akwai kuma damuwar da zama ba ya kashe ta. Gazali ya kawo misalin mutumin da ya zauna ƙarƙashin itace yana son ya yi tunani, tsuntsaye suna damunsa, yana korarsu da sanda suna dawowa, aka ce mashi in yana son hutu sai ya sare itacen. In abin da ke hana ka barci bashi ne da kake ɓoye wa mai shi, ko gaba da ɗan uwanka, ko wani abu da kake yi a ɓoye ka san bai dace ba, ko darasin da ba ka karanta ba, numfashi zai nuna maka itacen ne kawai, sarewar taka ce. Kuma natsuwa ba ta biyan kuɗin makaranta, ba ta samar da aiki, kada wani babba ya ce mana mu yi ta numfashi mu bar tambayar haƙƙinmu.

Sai magana ta ƙarshe, kuma ita ce mafi nauyi. Akwai ƴan uwanmu, musamman daga garuruwan bakin iyaka, da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, hari ko satar mutane. Irin wannan mutum in ya rufe ido ya yi shiru, wani lokaci abin ne ke dawo mashi sabo. In haka ta faru da kai, buɗe ido, tashi ka taka, kada ka tilasta, kuma ka samu wanda za ka gaya mawa. Haka wanda ya yi mako biyu ko fiye baƙin ciki bai sake shi ba, ba barci, ba cin abinci, abin da yake so da duk ya fita ransa, balle wanda ya fara jin gara ya mutu: wannan ciwo ne, a kai shi likita yau, ba gobe ba. Ba raunin imani ba ne. Fiye da shekara dubu da suka wuce wani malamin Musulunci, Abu Zaidi al-Balki, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu magani. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya korar ɗaya. In abokinka ne, kada ka ce mashi ya yi haƙuri kawai ka wuce. Raka shi.

Ina roƙon shugabanninmu, in sun ga ya dace, a riƙa buɗe zaman karatunmu na mako da minti biyu na shiru, salula duk a kife. Ba ya cin ko dala.

Yanzu kafin in sauka mu yi minti ɗaya tare, numfashi shida kawai. Wanda zai karanta wannan daga baya a littafin bikin, ya kife shi a cinya ya yi tare da mu. Ku gyara zama, ku sauke kafaɗu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, malamai su gyara mani bayan mun gama. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

To bismillah, ku ja: ɗaya, biyu, uku, huɗu.